Wasiƙa Zuwa ga Turmin Gidanmu

Ya turmi sha daka,

Ina rubuto maka ne daga rumfata a Kasuwar Creek Road, nan Fatakwal, inda nake kasa albasar Aliero da wake. Kasuwa ce ta bakin ruwa. Tun da sassafe kwale-kwale ke sauke kifi a tashar Nembe da ta Bonny, warin busasshen jatan lande ya cika ko'ina. Turawa suka kafa garin nan a 1912 don jiragen ruwa su riƙa ɗibar kwal ɗin Inugu, kuma har yau rayuwarmu a cikinsa lodi ce da sauke kaya.

Jiya da yamma wata mai abinci a bayan rumfata ta hau kirɓa sakwara. Da na ji sautin taɓarya sai na ajiye mudu, zuciyata ta koma gindin darbejiyar tsakar gidanmu inda kake zaune.

Da icen ƙirya aka sassaƙa ka, kuma tare da kayan ɗakin Inna ka shigo gidan, ka ga ke nan ka girme ni. Kai ne ke tashinmu bayan ladan. A cikinka ake sussuka damin gero, a sheƙe ƙaiƙayi, a yayyafa ruwa a surfa, a bakace dusa a faifai a ajiye wa tumaki. Sai a wanke tsaba, ƙasari ya tafi ga akuya, a dawo gare ka da citta da kanumfari da barkono a daka gari. In an cura an dafa, kai ne dai za a sake nema a kirɓa dawo. Kafin azahar Inna ta dama da nonon da Bafulatana ta kawo, a kai wa Baba gona, mu kuma mu kewaye ƙwarya muna jiran ludayi ya zagayo.

Ban manta ranar biki ba. Mata uku su tsaya a kanka suna lugude, kowacce ta jefa taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ba a taɓa karo ba. Daga sautinka maƙwabta ke gane gidan da ake shirin suna, su ɗauro mayafi su shigo taya aiki ba tare da an aika musu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ban lura da shi ba sai da na bar gida. Mun sha fura shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa buɗe tafin hannun Inna ya ga kantar da taɓarya ta bari. A nan nake wanke kayana, nake biyan kuɗi kafin in ga tuwo, sannan na gane nauyin abin da muke kira aikin gida.

Yanzu injin niƙa ya shigo ƙauye, na kuma gode wa Allah da ya sauƙaƙa wa iyayenmu. Amma kada ka ji an yar da kai. Inji ba ya kirɓa dawo yadda kake yi, ba ya tara mata a yi hira da dariya.

Ta bakinka nake kira ga 'yan'uwana fatake na Fatakwal da Anacha da Inugu. In za mu aika saƙo gida, mu ware rabon matan da suka tsufa a kan turmi, mu biya musu kuɗin niƙa, mu buga waya mu ce sannu da aiki tun suna raye.

Da yardar Allah ina tafe Babbar Sallah. A ajiye mini gero sabon sussuka.

Wassalam.

Naka,
ɗan gidan da ka ciyar.