Ku da Kuke Dariyar Masu Ƙirgar Barewa

'Yan fadar shayi na Tasawa da Mayahi, ku gyara zama, yau da ku nake. Tun ran da na ce a Turai akwai masu ilimi da ke kwana kan duwatsu suna bin wata dabba mai suna shamwa, kuka hana ni sakat. Wani dattijo har ya aje kofinsa ya ce, "Yaro, shamuwar da ke yi mana busharar damina, yaushe ta yi ƙaho?" Allah ya ja kwana, Baba, waccan tsuntsuwa ce. Wannan kuwa tsakanin akuya take da barewa, ƙahonninta sun lanƙwashe baya kamar ƙugiya, tana zaune a duwatsun Faransa, Suwizalan, Ostiriya da Italiya inda ƙanƙara ke sauka.

Kun ce aikin wanda ya ƙoshi ne. To ku ji abin da ƙoshin ya haifar. A yankin Abruzo na Italiya, maharba sun kusa ƙarar da shamwar yankin, saura 'yan gommai. Aka killace musu daji, aka hana harbi, aka riƙa hawa da madubin hangen nesa ana ƙirga su shekara-shekara. Yau sun haura 2,000. A Faransa kuwa, inda suke da yawa, ana farautarsu, amma sai an ƙidaya tukuna a ce wa maharba ga adadin da za ku ɗauka bana.

"Mu ina ruwanmu da akuyar Nasara?" in ji Alhajin da ke kan tabarmar tsakiya. Alhaji, kai da ba ka barci sai ka leƙa garke ka ƙirga jajayen awakinka ɗaya bayan ɗaya, kai ne za ka yi wa mai ƙirga dariya? In ɗaya ta ɓace, har mai shela sai ya ji a jikinsa. Amma barewar da kakanka ke gani a Gulbin Kaba, wa ya ƙirga ta? Ranar da ta ƙare ko cigiya ba a yi ba. Kuna ta cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, alhali jikanka bai taɓa ganin uwar ba balle ɗan. Ka tambaye shi mariri, ya ce maka sunan wane gari ne.

Maririn nan, farar dabba mai dogayen ƙahonni da ta cika sahel a da, a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauranta a daji ko'ina a duniya. Sai waɗanda aka ajiye a gidajen namun daji. Daga cikinsu aka ɗebo aka fara saki a Chadi a 2016, suka hayayyafa, har a 2023 aka fitar da ita daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Dabbar gidanmu, sai da aka yo mana aronta daga waje. In da kunya, nan ya kamata a ji ta.

Na san abin da za ku ce: Chadi da nisa. To ga na ƙofar gida. Gadabeji tana nan cikin jiharmu ta Maradi. Tun 1955 aka keɓe dajin, kadada 76,000, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take ji da su. Har yanzu akwai barewa a ciki. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma kuwa, a 1996 guda 49 kacal suka rage, duk a wajen Kure kusa da Yamai. Aka tsare su, aka riƙa ɗaukar hoton kowanne, tunda zanen jikin wani ba ya kama da na wani. Suka haura 600. A Nuwamban 2018 aka ɗora takwas a babbar mota, aka yi tafiyar kilomita fiye da 800 da su zuwa Gadabeji, inda aka yi kusan shekara 50 rabon da a ga sawunsu. Malam mai shakka, raƙumin dawa ya shiga mota ya zo jiharku, kai har yau ba ka je ka yi masa sannu da zuwa ba.

Sai wani ya murtuke fuska ya ce, "Mutane na fama da hatsi, ana zancen dabba." Wannan magana ce, ban raina ta ba. Amma ku tuna yadda aka yi da sassabe. Farkon shekarun 1980, wanda ya bar toho a gonarsa ya ƙi tumɓukewa, mahaukaci ake ce masa. Yau gawon da ya bari ne ke ba gero taki, ya ba awaki 'ya'ya da rani, ya ba uwargida itace. An kiyasta itatuwa miliyan 200 ne suka dawo a kudancin Nijar ta wannan hanya. Masu dariyar jiya su ne ke shimfiɗa tabarma a inuwar mahaukacin, har suna gyara masa labari. Dajin da ya riƙe barewa shi ke riƙe ciyawar da makiyayi ke nema in fari ya zo.

Ban ce ku sayar da awaki ku sayi madubin hangen nesa ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In an kawo muku 'yar barewa a kasuwa, ku ƙi saye, don sai an raba ta da uwarta kafin ta iso hannunku. In kun ga wutar daji, ku kashe. In jami'in gandun daji ya zo da littafinsa yana tambayar abin da kuka gani, ku ba shi shayin farko, ku gaya masa gaskiya. Kai kuma Baba mai shamuwa, in damina ta faɗi ka ƙirga mini sheƙunan da ke kan itatuwan unguwarku, baɗi mu sake ƙirgawa mu gani.