Karen Mota da Karen Cikin Mota

Yayana ne ya ja mini. An yi masa canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, ya kwashe iyali da kaya a babbar mota, ya bar mini abu guda da direban ya rantse ba zai ɗauka ba ko za a ninka masa kuɗi: karen gadinsa. Baƙi ne mai farin ƙirji, ruwa biyu, uwa 'yar gida, uba irin na 'yan sanda. Sunansa Ƙyale-su. Yaya ya raɗa masa sunan ne don yi wa wani maƙwabci habaici, bai taɓa kawowa a ransa ba cewa wata rana ƙaninsa zai tsaya a tsakiyar tasha yana kwala wannan kalma a gaban jama'a.

Daga Kano zuwa Zuba, bakin Abuja, kilomita 375 ne. Mutum shi kaɗai, in ya sha mai a Na'ibawa, tsayawa ɗaya ta ishe shi. Da kare a kujerar baya, a watan Afrilu, lissafi ya sauya. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, harshe a waje. Motar da aka kashe aka ɗaga gilasanta a rana kuwa tanda ce, ba ta buƙatar dogon lokaci kafin ta halaka shi. Ga shi gogan bai taɓa shiga mota ba, tun daga Kura ya fara amai. Dole na riƙa neman inuwa, da ruwa, da 'yar ƙasa mai sanyi da zai taka, domin kwalta in ta sha rana tana ƙona masa tafin ƙafa. Inuwa dai ba ta yi wuya ba. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, kowace inuwa a hanyar nan da mai ita.

A Kwanar Ɗangora na haɗu da Mai Fatawar Gaggawa. Buta ce a hannunsa, kuma ban gama buɗe ƙofa ba ya iso. "Malam, ka san hukuncin abin da ka ɗauko?" Irin wannan tambaya ba ta neman amsa, share fage ce. Na ce na gadi ne. Ya ce, "Gadin me, a cikin mota?" Daga nan ya bi kayana ɗaya bayan ɗaya yana yanke musu hukunci: rigata, kujerata, sitiyari, har sulallan da na miƙa wa mai ruwan leda.

To, shi Mai Fatawar Gaggawa ba ya taɓa zama shi kaɗai. Duk inda yake, an ajiye masa abokin gardama a kan tabarma, taku goma daga inda yake tsaye. Wani dattijo ya gyara rawani ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda a kanta muka tashi, duk mai rai tsarkakke ne har da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki bauta ce, ba don najasa ba. Ya ƙara da cewa an yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona. Na farko ya ce ina aka baro wankin da ake yi da ƙasa? Dattijo ya ce wannan wajen Shafi'iyya ne aka ƙarfafa shi. Aka ja, aka ja. Kowannensu ya kawo labarin mutumin nan da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi aka gafarta masa, kowanne kuma ya kawo shi ne don ya kayar da ɗan'uwansa. Ƙyale-su yana gefe yana haki kamar zugazugin maƙera. Butoci biyu cike da ruwa a wurin, babu wadda aka karkato. Na zuba masa nawa a kwanonsa da na ware masa, ya sha, muka tafi. Ina kyautata zaton sai bayan azahar suka lura ba ma nan.

Jarumin Baka yana Tashar Yari, wajen mai shayi. "Ni da kake gani, kare bai taɓa yi mini haushi ba. Akwai laƙani." Ya ce ya yi gadi a Ikko, ya riƙe karnukan da kowannensu ke tashi da cinyar sa a rana guda. Ya naɗe hannun riga, ya tunkaro yana kallon 'yan kallo, ba karen ba. Ƙyale-su, wanda amai ya gama galabaitarwa, ya buɗe baki ya yi hamma. Hamma kawai. Kafin ya rufe bakin, Jarumi yana kan teburin mai shayi tsakanin gwangwanin madara da burodi, takalminsa ɗaya a ƙasa. Karen ya matsa yana shinshinar takalmin, ni kuwa na san abin da Hausawa suka ce game da karen da ke shinshinar takalmi, sai na daka tsawa: "Ƙyale-su!"

Wurin ya yi tsit. Wani mai jiran shayi ya ajiye kofi ya ce, "Malam, su wa za a ƙyale? Mu ne su?" Minti biyar na yi ina rantsuwa cewa suna ne. Jarumi, daga saman tebur, ya bayyana cewa laƙanin nasa ba ya cin baƙin kare.

Mai balangun Zariya, can wajen Ɗan Magaji, shi ne mutum na farko da ya yi murnar ganinmu, don shi baki biyu ya gani. "Alhaji, a yanka wa yaron na nawa?" Na ce a ba shi tsoka zalla, ban da yaji, ban da albasa, domin albasa tana lalata wa kare jini, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke shi a ciki. Ransa ya ɓaci kamar na zagi sana'ar gidansu. "Shekara ashirin karnukan unguwar nan suna cin ragowata, ko ɗaya bai taɓa kawo ƙara ba." Ya yanka dai, ya kuma caje ni kuɗin albasar da bai sa ba.

A kowace tasha kuma akwai Mai Labarin Cizo. Shi ba ya matsowa, daga nesa yake jefo labarin wani ɗan ƙanen matar maƙwabcinsa da mahaukacin kare ya ciza, ya yi ta haushi har ya cika. Ƙarshen labarin kullum magani ne: a tsige gashin karen, a ƙona, a shafa a ciwon. Wannan ne kaɗai ba na yi wa dariya, don maganin nasa ya kai mutane kabari. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar a fara masa allura, domin ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jiki, kusan babu mai tashi. Na faɗa wa ɗayansu haka. Ya ce ai shi ma abin da yake nufi ke nan, amma a haɗa da gashin.

A wani shinge, tsakanin nan da can, Mai Neman Takarda ya ɗaga mana hannu. Ya duba na mota, cif. Ya leƙa baya, idonsa ya yi haske. "Ina takardun fasinjan?" Na zaro katin rigakafi mai hatimin likitan dabbobi, har da bayanin cewa allurar ta Vom ce, cibiyar nan ta Filato da ke aikin magungunan rigakafin dabbobi tun 1924. Babu abin da ke ɓata wa irin wannan mutum rai kamar cikakkiyar takarda. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya yi ajiyar zuciya. "To shi karen bai zo mana da komai ba?" Ya sa hannu zai buɗe ƙofar baya, Ƙyale-su ya yi wani gurnani daga can ƙasan ciki, irin wanda tun Kano ban ji ya yi ba. Aka ce Allah Ya kiyaye hanya.

A Mararrabar Jos, ƙarƙashin wani mangwaro, muka tarar da Tsohon Mafarauci, kuma har yau ina jin haushinsa, don ya fi ni gaskiya. Bai gaishe ni ba, karen ya gaisar. Ya tsuguna, ya kama haɓarsa, ya buɗe bakin ya duba haƙora, ya shafa ƙirji, ya matsa tafin ƙafa. Karen da ya hana mai kaki taɓa ƙofa ya kwanta ya ba shi ciki kamar ɗan kyanwa.

"Wannan ya taɓa ganin zomo?"

"A'a, Baba. Gida yake gadi."

"Kun kashe shi da shinkafa."

Na ce ai karen bana shi ke maganin zomon bana. Ya ce, "Yaro, wannan ko zomon bara ya gani, shi zai ba shi hanya." Ya ba ni shawarar a daka rina a zuba masa a abinci don ya yi zafin rai, na ce a kai kasuwa. Amma sauran maganarsa duk ta zauna daidai: kada in bar shi ya kwankwaɗi ruwa lokaci guda, kaɗan-kaɗan, in jiƙa masa ciki da ƙafafu in zafi ya yi yawa, kada in cika masa ciki in kuma sa shi a mota, kada in kwance igiya a bakin titi ko da ya yi ladabin malamin makaranta, don kare a baƙon wuri ƙarar tirela ɗaya ta isa ta sa shi faɗa wa titi. Da za mu tafi, Ƙyale-su ya tsaya yana waigensa. Ni da na share masa amai tun Kura, ko kallo ban samu ba.

Kafin mu tashi daga inuwar ne Mai Tayi ya iso. Mutum mai fara'a, mai ladabi, ya fi duk waɗanda na haɗu da su iya gaisuwa. Sai dai kowa fuskar karen yake kallo, shi cinyoyi yake kallo. "Ranka ya daɗe, nawa za ka rabu da shi?" Ya ce yana kai kaya kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato, inda ake hada-hadar karnuka, kuma wannan in ya shiga, ba zai wuni ba. Ban yi masa faɗa ba. Kowa da abincin garinsu, mu ma masu soya fara da yaji ba mu da bakin yi wa wani dariya. Amma a ranar na fahimci cewa "cin kare babu babbaka" magana ce da ta samo asali daga wani wuri, na kuma naɗe igiyar sau biyu a hannuna.

Kaduna ta ba mu Hajiya Mai 'Yar Auduga. A harabar wani gidan abinci ta fito daga mota mai sanyi, rungume da wata farar halitta mai ribbon a ka, direba yana biye da lema. Da Turanci take yi mata magana, kuma ga alama tana ji. Ta tambaye ni wane irin abinci nake saya wa nawa, na ce tuwon jiya da ƙanzo. Ta ja da baya kamar talauci yana yaɗuwa ta iska. 'Yar audugar ce ta yi haushin da ya tara mana jama'a, mu aka ce mu matsa.

Daga Kaduna zuwa Jere ba ni da kowa a kundina, don ba a tsayawa. Wanda ya san labarin garkuwa da mutane a Rijana da Kateri ya san cewa a wannan tsakanin ko mafitsara tana da hankali. Ƙyale-su ya yi kuka, na ba shi haƙuri, na ƙara taka mota.

A wannan shirun ne na gane akwai wani irin mutum da na tsallake, kuma shi ke riƙe da sitiyari: Mai Cewa Ba Nawa Ba Ne. Tun safe, duk inda na tsaya, kafin a tambaye ni na riga na ce, "Na yayana ne, kai masa kawai zan yi." Na faɗa wa malamai, na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa wani yaro ɗan shekara shida da bai ce mini komai ba. Karen yana ji.

Muka iso Tafa wajen la'asar, rana ba ta saki ba. Tireloli da tankoki jere a gefen titi kamar garin da aka gina da ƙarfe, babu bishiyar da ba a riga mu ba. Ina ta zagaye da igiya a hannu sai na ji murya daga ƙasa: "Oga, kawo shi nan, ƙarƙashin nan ya fi sanyi." Wani matashi ne kwance a tabarma ƙarƙashin tirela, rigarsa ta sha baƙin mai. Bai tambayi hukunci ba, bai tambayi farashi ba, bai ce ba ya tsoro ba. Ya matsa gefe, ya jawo wata yankakkiyar jarka, ya tsiyaya ruwa daga galan ɗinsa.

Na buɗe baki zan ce na yayana ne, ya riga ni. "Ni ma karen mota suke ce mini. Ka ga ɗan'uwa ya zo." Ya tambayi sunan, na faɗa a hankali, ina duban hagu da dama. Ya yi dariya har da buga ƙasa, ya ce sunan ya fi na ubangidansa ma'ana. Ya tura mini gefen tabarma. Karen ya miƙe ƙafafu a ƙasa mai sanyi, hakin ya lafa, ni ma na jingina da taya na lumshe ido, karo na farko tun Na'ibawa.

Can sai na ji takun sawu. Na leƙa ta tsakanin tayoyi, na hango ƙafafu biyu sun nufo mu, da buta tana lilo a gefensu.

"Salamu alaikum. Malam, ka san hukuncin..."

Yaron bai ko buɗe ido ba. Ya ce, "Ƙyale-su." Karen ya kaɗa wutsiya, ni kuma na gyara kwanciya.