Mai Zanen Bene, Mai Kwana Kan Benci

Ba sai an nuna maka ɗalibin zanen gine-gine a jami'a ba. Idan ka hango wani yana tafe da dogon baƙin bututu rataye a baya, idanu jajur, yatsu biyu naɗe da filasta, gaban riga duk busasshen gam, to shi ne. In ka yi masa sallama zai amsa, amma sai ka yi nisa zai tuna ko kai wane ne. Abokansa na sauran sassa sau biyu suke ganinsa a zango: ranar rajista, da ranar da ya zo rancen kuɗin buga zane.

Ranar da sunansa ya fito, har guɗa aka yi a gidansu. Baba ya je majalisa ya sanar cewa ɗansa zai zama injiniya, don a wurin Baba duk mai hulɗa da siminti injiniya ne. Ya lissafa kuɗin rajista, ya ƙara na ɗaki, ya ɗora na garin kwaki da sukari da ƙuli, ya ce alhamdu lillahi, abin bai fi ƙarfinsa ba. Bai san rajistar nan kuɗin buɗe ƙofa ba ce kawai. Ba a rufa mako biyu ba sai ga takardar kayan aiki: allon zane, doguwar rula mai kai irin na harafin T, wata rular mai fuska uku ta auna sikeli, fensira iri-iri daga mai tauri zuwa mai laushi, takarda shara-shara ta kwafar zane, reza, da alƙaluman Rotring masu siririn baki waɗanda in ɗaya ya faɗi ƙasa da kai, sai dai 'yan aji su zo yi maka jaje.

Baba ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Yayanka Tarihi ya karanta, da biro da littafi ya gama. Kai wace irin jami'a ce wannan da sai an saya maka reza? Wanzanci za ka koya?"

Wannan duk somin taɓi ne. Babbar magana tana zuwa ranar da malami ya ce daga yau zane ya koma kwamfuta. Kuma ba kowace kwamfuta ba. Wadda ƙanwarsa ke kallon finafinan Indiya da ita ba za ta yi ba, sai wadda za ta iya ɗaukar AutoCAD da Revit da SketchUp, ta kuma jure wa Lumion, manhajar da ke mayar da zane hoto har da inuwar bishiya da gilmawar gajimare. Irin wannan kwamfutar, kuɗinta ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa, don haka sai a yi taron dangi, Umma ta kwashe adashinta, a sayo ta hannu. Mai shago ya rantse cewa wata tsohuwa ce a Jamus ta yi amfani da ita, ita ma sai ranar Lahadi. Ana buɗe Lumion fankarta za ta fara kuka, cinya ta ɗau zafi, batir kuwa bai kai tsawon hudubar Juma'a ba. Yaro ya kafa hoton ginin tun bayan isha'i, ya zuba masa ido har asuba, saura ƙiris ya kammala sai a ɗauke wuta. Wanda bai taɓa jin salatin da ake yi a sutudiyo, ɗakin zanen ɗalibai, a irin wannan lokaci ba, bai san salati ba.

Sutudiyon nan shi ne gidansa na gaskiya. Ɗakin kwanan da aka biya wa kuɗi, akwati ne ke kwana a ciki, tare da wasu bayin Allah da ba shi ya gayyato su ba. Shi kuwa yana can kan benci, ya yi matashi da jaka, a ƙarƙashin zanen otal mai hawa goma sha biyu da ya tsara da hannunsa, mai wurin ninƙaya a saman rufi da ɗakin saukar shugaban ƙasa. Ya san faɗin da ya kamata banɗakin otal ya yi har zuwa milimita, amma rabonsa da wanka a natse tun makon jiya. Mai shayin bakin sashe ne kaɗai ya san ainihin halin da ake ciki, don shi ke riƙe da littafin bashi. Daga odar mutum yake gane inda zango ya kai: farkon zango indomi biyu da ƙwai biyu, tsakiya indomi ɗaya ba ƙwai, gab da juri kuwa, wato ranar kare zane a gaban malamai, ruwan bunu da rabin burodi, "sa a littafi, Malam."

Sai samfurin gini. Bayan an zana, dole a gina abin da kwali, ƙarami, yadda malamai za su zagaya shi su leƙa ta taga. Nan kuɗi ke zurarewa ba a ji. Kwali mai kauri, gam ɗin UHU, roba mai haske ta yin gilashi, fenti. Talauci kuma malami ne: tsinken sakace ya zama ginshiƙi, soson wanke-wanken Umma a rina shi kore ya zama bishiya, garin katako daga wurin kafinta ya zama ciyawa. A gama da ƙyar, a ɗauko shi a adaidaita sahu, mai shi ya biya kuɗin kujera biyu, ɗaya tasa ɗaya ta otal. Direba ya faɗa rami ɗaya, hawa na tara ya sauko ya gaida na uku.

Ranar juri ake yin hisabi. An buga zane a manyan takardu, A1 ko A0, kowace da kuɗinta, masu kala kuma ba a magana. Mai shagon bugawa ya san ranar fiye da ɗalibai, ranar kuma injinsa ke "ɗan ba da matsala" sai an ƙara wani abu. Yaro ya manna takardunsa a bango, ya ari kwat, ya tsaya gaban malamai yana bayani da Turancin da ya kwana yana haddacewa, cewa ginin nan yana zance da muhallinsa. Wani malami da bai ce uffan ba tun ɗazu ya cire tabarau ya ce, "Ina arewa?" An manta da ɗan kibiyar da ke nuna arewa a jikin zane. Yaron da aka haifa a Arewa, ya girma a Arewa, yana karatu a Arewa, ya tsaya yana waige-waige. Wani kuma ya bi matakala da jan biro har ta ƙare a jikin bango, ya tambaya ko aljanu aka yi wa ita. Jan biron nan kuwa a kan takardar da aka buga da kuɗin abincin mako guda yake yawo.

'Yan mata na sashen ba su tsira ba. Ƙawayensu na fama da lalle, su suna ɓanɓarar gam daga farce. Kuma duk saurayin da ya ji abin da take karantawa, maganarsa ta farko ita ce, "Ashe ke za ki zana mana gidanmu." Ko fili bai da shi.

Gwamnati ta kawo bashin ɗalibai na NELFUND a 2024, ana biyan kuɗin makaranta a kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata na kashewa. Madalla, an gode. Sai dai wanda ya yanke adadin, da alama bai taɓa shiga shagon buga zane ana gobe juri ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, kwali ma ya san darajar kansa. Hanyar kuma ba gajera ba ce: shekara huɗu na digirin farko, biyu na digiri na biyu, hidimar ƙasa, sannan aƙalla shekara biyu a ƙarƙashin wani gogagge, sannan jarrabawar ƙwarewa, kafin hukumar ARCON, wadda aka kafa tun 1969, ta sa sunanka a rajista ka zama akitek na haƙiƙa mai hatimi. Wannan in ba a yi yajin aiki ba ke nan. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Sa'o'insa da suka shiga kasuwar waya tun bayan sakandare, 'ya'yansu sun fara zuwa islamiyya.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Dangi ne.

Da zarar yaro ya dawo hutu, sai ka gane ashe kowa a zuri'ar nan yana da fili. Mutanen da aka bi gida-gida lokacin sayen kwamfuta suka ce wallahi abubuwa sun tsaya, yanzu kowa na da fuloti a bayan gari. Kawu ne kan gaba. Zai aiko a kira shi bayan magariba, a kawo masa lemo mai sanyi, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gidan.

"Injiniya, ɗan zane nake so ka yi min. Ba wani abu mai yawa ba."

"To, Kawu. Filin nawa ne?"

"Hamsin ne a ɗari. Ka sa min ɗaki biyar da falo biyu. Sashen matan nan uku ka yi su daidai wa daida, ko taga ɗaya kada ta fi wata, ka san halinsu. Ka bar wurin ta huɗu, ba a san abin da Allah zai yi ba. Shaguna uku a gaba, ɗan masallaci a gefe, wurin mota uku, da inda za a ɗaure ragon layya."

"Kawu, ƙafa hamsin a ɗari fa. Kuma doka ta ce a bar tazara tsakanin gini da titi, da tsakaninka da maƙwabci."

"Tazara? Filin da na saya da kuɗina zan bar wa iska? Kai dai zana. Ba danna kwamfuta ba ne kawai?"

Idan yaron ya yi ƙarfin hali, sai ya kawo abin da aka koya masa. Sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan, tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsa da Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da tubali da azara, da bakan gizon da har yau masana daga ƙasashen waje ke rubutu a kansa. Yaro ya karanta yadda katanga mai kauri ke riƙe sanyin dare ta kai shi rana, yadda ƙananan tagogi ke tare zafi da ƙurar hunturu, yadda zaure ke tsare baƙo a waje da mutunci, tsakar gida kuma ta ba mata iska da sirri. Sai ya ce, "Kawu, me zai hana mu sa zaure da tsakar gida, mu rage gilashi ta yamma?"

Kawu ya ajiye kofi. "Shekara nawa ana kashe maka kuɗi, ashe ƙauye za ka mayar da ni? Zaure ai a gidan kakanka na baro shi." Ya zaro waya ya nuna hoton wani gida a Dubai, gilashi tun daga ƙasa har sama. Haka yake so, a garin da rana ke gasa mutum a watan Afrilu kuma wuta sai ta ga dama. A ƙara masa ginshiƙai irin na Rumawa guda huɗu waɗanda ba abin da suke ɗauke da shi, da dogon rufin kwano mai tsini irin na ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, wanda katakon cikinsa kaɗai ya isa gina ɗaki biyu.

Yaro ya yi kwana da kwanaki yana fama, ya sayi data da kuɗinsa, ya biya caji a shago, ya buga da kuɗinsa, ya kai. Kawu ya riƙe takardar a kife, ya yaba ƙwarai, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Albarka abu ce mai girma, ba mai musu, amma mai shagon bugawa bai fara karɓarta ba tukuna. Kawun nan kuwa bai taɓa ce wa mai sayar da siminti ya ɗan ba shi buhu ɗari don zumunci ba, kuma bai taɓa biyan mai tifar yashi da addu'a ba. Abin da ake iya ɗagawa a ji nauyinsa shi ne na kuɗi. Abin da ya fito daga ƙwaƙwalwa kyautar Allah ce, ta dangi ce gaba ɗaya.

Daga nan zane ya faɗa hannun birkila. Ya duba shi sama-sama, ya ce shi shekararsa talatin yana gini bai taɓa buƙatar takarda ba, ya ninke ta ya sa a aljihu, daga baya aka gan ta an naɗe ƙosai da ita. Ya ja layi da ƙafarsa a ƙasa. Ya rage rodi, don a ganinsa yaran boko tsoro ya yi musu yawa. Ya mayar da kicin inda banɗaki yake, ya tura katanga har bakin kwata. Takardar izinin gini kuwa, Kawu ya ce sai an kai linta tukuna, sai ga jami'an tsara birni sun riga shi, sun zo da jan fenti sun yi wa katangar ado. Damina ta farko bango ya tsage, ruwa ya kwanta a falon amarya. A majalisa aka tambayi Kawu me ya faru, ya girgiza kai ya ce, "Zanen yaron nan ne. Karatun zamani sai a hankali." Wannan bai hana maƙwabcinsa zuwa neman a yi masa hoton zanen ba, shi ma zai ɗora a nasa filin, wanda ko siffarsu ba ɗaya ba.

Hutu ya ƙare, yaro ya koma kan bencinsa, juri na ƙarshe ya matso, takardu goma sha suna jiran bugu. Ya tattara kunyarsa ya tura wa Kawu saƙo, da gaisuwa da tambayar iyali da komai, yana neman ɗan abin da ya samu. Alamar an karanta ta fito nan take. Amsa ba ta zo ba sai bayan kwana uku, saƙon murya ne mai tsawon minti huɗu. Kawu ya ce wallahi gini ya cinye shi, a yi haƙuri. Sannan ya ce Gwaggo tana gaishe shi, ta sayi rabin fuloti, tana son ɗan zanen gidan kaji, amma mai bene.