Kunnena na mai maganar ƙarshe ne

Wani cutarsa son kuɗi, wani son barci. Ni tawa ita ce duk wanda ya yi mini magana a ƙarshe, shi ke da gaskiya. Idan mutum biyu suka yi gardama a gabana, ba na auna hujja, jira nake na ga wanda zai rufe baki daga baya na bi shi. Na daɗe ina rufa wa kaina asiri da cewa ai shawara ɗaukar ɗaki ce, sai da na tashi killace ɗan filina da ke Zongo, can yammacin Wagadugu, sannan asirin ya tonu.

A waya na ga abin. Gidan wani Bature ne a Amurka, an zagaye shi da 'yan siraran katakai farare fes, masu tsini a kai, tsayinsu bai wuce ƙugu ba, ga rata tsakani yadda mai wucewa zai hango furanni. Na ce lallai wannan shi ne wayewa. Ban tsaya na tambayi kaina wane fure nake da shi da zan nuna wa duniya ba, bayan turmi, igiyar shanya da tunkiya guda.

Na ɗauki hoton na nufi Rood Woko, inda abokina ke da rumfar atamfa da Faso Dan Fani, inda kuma ba a rasa masu ba da shawara kyauta. Alhajin rumfar kusa ya karɓi wayar, ya duba, ya ce, "Malam, wannan ai abincin gara ne. Kafin damina biyu ta gama da shi." Ya ƙara da cewa katakon nan daga Gana da Kodebuwa ake shigo da shi, mai arhar farin nan ba ya jure ƙasarmu, jan kuwa tsadarsa sai attajiri. Farin fenti kuma a garin jar ƙasa? Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta rine shi. Nan take na tsani katako, har na fara mamakin wane irin sakarai ne zai yi tunaninsa.

Ban bar kasuwar ba sai da wani mai walda ya mayar da ni mutumin ƙarfe. Ya ce zai yi mini siffar hoton sak, amma da bututun ƙarfe, gara ta zo ta karya haƙori. Na ba shi kafin alƙalami. Washegari wani magini ya ji labari, ya yi dariya har da riƙe ciki: ƙarfe a zafin watan Afrilu, yaro ya dafa ya ƙone? Kuma akuyar maƙwabta ta ina ba za ta zura kai ba? Bulo da siminti, in ji shi, ko jan dutsen nan da ake sassaƙawa a bayan gari, shi ne katangar mai iyali. Shi ma na ba shi kafin alƙalami. A ranar na kwana ina jin tausayin masu shingen ƙarfe.

Sai Gwaggo. A Zangouettin aka haife ta, tsohon zangon Hausawa da ke tsakiyar birni, wanda aikin sabunta birni na ZACA ya share a 2003 tare da Tiedpalogo da wani ɓangare na Koulouba, aka watsa mutanensa gefen gari. Ta saurare ni har na gama zuba bayanin siminti, sannan ta ce, "Ɗan nan, katangar babanka ta fi wadda kake mafarki kauri, da idona na ga mota ta ture ta. Kai da ke unguwar da ba a yi wa awo ba, ranar da masu awo suka zo suka ce nan hanya ce, wa zai biya ka simintinka?" Nata ra'ayin, a kafa dirkoki a ɗaura zana, ko a yi darni da karan dawa kamar yadda kakanni suka yi; in an ce tashi, sai ka naɗe abinka ka yi gaba. Da na ce to ko katangar laka, sai ta tuna mini ruwan 1 ga Satumba 2009, wanda ya haura milimita 260 cikin yini guda, ya narkar da gidajen laka dubbai a garin nan. Na fito daga ɗakinta ina ganin ba a taɓa ƙirƙirar abu mai hikima kamar zana ba.

Uwargida ce kaɗai ba ta nemi ta sayar mini da komai ba. Ta dubi hoton ta ce, "Malam, su waɗannan a ɗaki suke wanka da girki. Ni a tsakar gida nake daka, a nan nake tsifa. So kake duk mai babur ya san miyar da muka kaɗa?" Gaskiya ta faɗa, don mu sutura muke nema a shinge, mai hoton kuwa so yake a leƙo. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma yardar ta kai har la'asar, lokacin da wani kafinta ya biyo ni da rantsuwar cewa in aka jiƙa ƙafar katako da baƙin mai, gara ko kallonsa ba ta yi.

Kasuwar Rood Woko ta ƙone a watan Mayun 2003, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Da ina cikin masu zagin wannan jan ƙafa. Yanzu na yi shiru, don su dai sun gama nasu.

Ga yadda filin yake a yau. Gabas bulo ne, ya tsaya a gwiwa inda kuɗi suka ƙare. Arewa zanar Gwaggo ce, jakin wani ya riga ya ɗanɗana ta. Yamma sandunan mai walda ne a jingine, ba a kafa ba. Gaba kuwa taku uku na farin katako mai tsini, wanda yara ke kira gidan Nasara, kaji kuma ke ratsawa ba tare da sun rage gudu ba. Jiya wani dattijo mai sayar da magani ya ce duk ɓata kuɗi ne, a dasa aguwa a jere, dabba ba ta ci, gara ba ta damu da ita ba. Gobe da sassafe zan je saro reshenta, in dai ban haɗu da kowa a hanya ba.