Jirgin Ruwa Na Kwali: Wasiƙa Daga Hamburg

Zuwa ga mutanen gida a Burumburum. A karanta a zaure, taubashi kuma ya matso kusa.

Jirgin ruwa na kwali aikin hannu ne da dattawa masu furfura da tabarau ke yi a Jamus idan sanyi ya kulle kowa a ɗaki. Ana sayen shafuka na takarda mai kauri da aka buga sassan jirgi a kansu, kowane sashe da lambarsa da launinsa, a yanke, a manna, har jirgi ya tashi. Kamfanin Schreiber na garin Esslingen ya fara buga irin waɗannan shafuka tun ƙarni na 19, a ƙasar Polan kuwa mujallar Mały Modelarz ta fara fitar da nata a 1957.

Ma'auni shi ne gaba da komai. Jamusawa sun fi son 1:250, wato santimita ɗaya a kwali daidai take da mita biyu da rabi a jikin jirgi. Cap San Diego, jirgin dakon kaya da aka ƙera a 1961, wanda yanzu yake ɗaure a tashar Hamburg mutane na shiga kallo, tsawonsa mita 159 ne. Da wannan ma'auni zai dawo kusan santimita 64, ƙofar ɗakinsa kuwa ko santimita ɗaya ba za ta kai ba. A nan ne ake tausaya wa taubashi, wanda har yau sai yara sun sa masa zare a allura.

Daga ƙasa ake farawa. Ana kafa faranti, a tsayar da dogon ƙashin baya a tsakiyarsa, a jera haƙarƙari a gicciye bayan an ƙara musu kauri da wani kwalin. Sai a ɗora bene, sannan a lulluɓe gefe da gefe. Duk inda za a lanƙwasa, sai an fara bin layin da allura mai dakushi a jikin rula, in ba haka ba kwalin ya karye a karkace. Gam da tsinken sakace ake ɗibarsa, don idan ya yi yawa takarda ta jiƙe ta kumbura. Farin bakin da reza ta bari ana shafe shi da launi. Bututun hayaƙi a jikin fensir ake naɗe shi, ƙananan sassa da hantsaki ake ɗauka, igiyoyi kuma zare ne. Babban jirgi yakan ci watanni. Atishawa ɗaya tana iya watsar da aikin yini, saboda haka mai shaƙar taba irin taubashi sai ya koma bayan gida da abarsa.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi a Tudun Wada ko Kiru. Yaron da ke ɓare karan dawa bayan girbi, ya yanka totuwa, ya soke ta da siraran ɓawo har motar kara ta fito da taya da gilashi, ido ɗaya da hannu ɗaya suke da dattijon Hamburg. Abin da ya rage wa yaron rula ce da lissafi, kuma ya cancanci a koya masa. Ba sai an je teku neman abin kwaikwayo ba, ga kwale-kwalen masunta nan a dam ɗin Tiga. A auna tsawonsa da faɗinsa, a raba da 20, a zana a kwalin sabulu.

An ba wani mai tahowa Kano shafuka da rula da hantsaki ya kawo wa yaran gida. Jirgin da aka gama a ajiye shi a akwati mai murfi, nesa da laimar damina da gara, musamman nesa da akuyar Inna, wadda ba ta taɓa ganin takarda ta ƙyale ba. Ruwa kuwa ko kaɗan ba ya so, don haka a riƙe taubashi kada ya kai shi rafi gwaji.

A gaida Baba da Inna da Kawu.

Ɗanku na Hamburg.