Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Muzuru

Zuwa ga Malam Muzuru, wanda Turawa ke kira Tomcat, mai gadin ƙofar uwar garke. Daga Birnin Ƙonni.

Mai wannan takarda ƙaramin ma'aikacin kwamfuta ne, shi ke kula da manhajar wasu dillalan albasa masu saye a Galmi suna lodi zuwa kudu. Bai taɓa ganin Malam ido da ido ba. Malam na kwance a wani ɗaki mai sanyi a Faransa, shi kuwa yana nan cikin zafin Afrilu yana leƙensa ta tagar da ake kira JMX.

Malam ɗan asali ne, ba a musu. James Duncan Davidson ya haife shi a kamfanin Sun Microsystems, a 1999 aka miƙa riƙonsa ga gidauniyar Apache. Kuma ya iya lissafi. Da an buɗe manhajar JConsole a leƙa ta tagar sai ga rajista tsaf, kamar ta ma'aikacin duwan a kan iyakar Ƙonni da Illela ta Sakkwato: buƙatu nawa suka shigo, nawa suka samu matsala, wacce ta fi daɗewa, kaya nawa suka shiga suka fita. In ba a taɓa saitinsa ba, yaran aiki 200 yake da su, a kan benci kuma mutum 100 za su iya zaman jira.

To, ga ƙorafi. Tagar nan ta JMX ƙofa biyu gare ta, ta biyun kuma in ba a ɗaure ta ba kullum sabuwar lamba take ɗauka, har sai da bawan Allah ya kwana biyu yana zagin katangar tsaro, alhali ba ta da laifi. Ga mantuwa: a kashe Malam a kunna, lissafi ya koma sifili, sai ka ce ba a taɓa ciniki ba. Sannan wanda ya ɓata hanya ya samu lambar matsala 404 da wanda rufi ya rufta masa ya samu 500, duk buhu ɗaya ake zuba su. Wane dillali ne zai haɗa ruɓaɓɓiyar albasa da wadda ɓawonta kawai ya saɓule?

Amma abin da ya fi ci wa marubucin rai shi ne Malam ba ya ƙirga kowa sai wanda ya iso bakin ƙofa. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ba ta isa ta riƙe yankin ba. Wayoyi suka mutu, rezo ya riƙa zuwa yana tafiya. Ɗan kasuwa a Badagishiri ya ɗaga waya sama, ya danna, ya sake dannawa, saƙon ya mace a hanya. A rajistar Malam kuwa sai lafiya lau: matsala babu, jinkiri babu.

Alhaji mai kamfani ya duba rahoton makon, ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ashe kyanwar nan taka tana aiki." Bai rufe baki ba wani direba ya shigo da takardar lodi rubuce da biro a bayan kwalin shayi, yana tambayar wa zai shigar masa da buhu 300.