Laimar da Ba Ta Tare Ruwa

A unguwar Rusholme ta Manchester kowa ya san amfanin laima, sai ga samarinmu da zancen wata wadda ake rataya a jikinta a tashi sama ba inji. Wai wasa ne. Manchester dai ba ta da teku, Wilmslow Road kuma ba tudu, sai gidajen abinci inda mutum ke ƙara nauyin da laimar za ta ɗauka. Sai an fita zuwa dutsen Mam Tor, mai tsayin mita 517, ake ganinsu suna shawagi kamar shirwa ta hango 'yan tsaki.

Masu son gaɓar teku kan tafi Dune du Pilat a Faransa, tudun yashi da ya haura mita 100. Iskar teku ke bugun tudun ta yi sama, ita ke riƙe mutum. In ya faɗo, yashi ne. Bakatsine ya biya kuɗin jirgi don ya ga rairayi!

Kwanakin farko kuwa a ƙasa ɗalibi ke yin su. A ɗaure shi da igiyoyi, ya ja ƙyalle ya yi ta gudu, iska ta fizgo shi baya, malami na ihu. Sannan a zauna jira: iska ta yi ƙarfi ba tashi, ta kwanta ba tashi.

Wani dattijo ya saurari bayanin daga bakin ɗaya daga cikin samarin bayan sallar Juma'a, ya ce, "Ɗana, in ka hau, wa ke sauko da kai?"

"Ni da kaina, Baba."

"To, biya ni bashina tukuna."